Ranar Da Inna Ta Ce Ba Ita Ta Haife Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da azahar ɗin wata Talata ba, ranar da mahaifiyata ta dubi wata alƙaliyar ƙasar Kanada ta cikin kwamfuta, ta ce ba ita ta haife ni ba. Ina zaune kusa da ita, cikin kwat ɗin aro.

Bari in koma baya kaɗan. Ina da katin zaman dindindin a Kanada, wanda sai da na sha sanyin shekara tara kafin in same shi. (Mutanen garinmu sun ɗauka injiniya ne ni a can. Motar ɗaga kaya nake tuƙawa a wani sito, amma ban taɓa gyara musu zancen ba.) Sharaɗin katin shi ne, cikin kowace shekara biyar sai ka yi biyu a ƙasar. Da Baba ya rasu na zo ta'aziyya ƙauyenmu da ke bakin tafki, da niyyar mako uku. Saura kwana biyu in koma Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Mako uku ya zama shekara huɗu. Duk bayan sati biyu sai in ɗauke ta in sa a kwalekwale zuwa Warra, daga can mu hau mota zuwa asibiti a Yelwa. Sau uku ina haɗa jaka, sau uku jikin yana tashi. Matata kuwa tana can da 'yarmu Ummi, wadda na bari tana rarrafe. Yanzu ta shiga makaranta, kuma a wurinta ni mutumin cikin waya ne.

Da Inna ta fara takawa da sanda, ƙanwata Lantana ta dawo gida don kula da ita, sai na nemi takardar komawa. Aka ce na saɓa sharaɗi, zamana ya faɗi. Na ɗaukaka ƙara. Lauyar da matata ta samo ta ce hanya ɗaya ta rage, in nuna cewa jinyar uwa ce ta riƙe ni, kuma babu shaidar da ta fi uwar kanta. Ta ce in zauna da Inna in shirya ta sosai.

Na ce, "Inna ce fa. Babu matsala."

A nan na tafka wautar. Ni ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatana ce ta wajen Shanga, irin masu kunyar nan ta da. Tun da aka yaye ni aka miƙa wa Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba, ita ta raine ni. A shekaruna arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son in miƙo buta, sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma wancan ya miƙo buta." Ko lokacin da nake saɓa ta a kafaɗa zuwa bakin ruwa, Gwaggo take yi wa godiya. Na saba da haka har na daina gani. To ta yaya zan zauna gaba da gaba in shirya ta? Sai na bi hanyar da muka saba, na gaya wa Gwaggo ta gaya mata. Gwaggo kuma ta taƙaita dogon bayanina zuwa magana ɗaya: manyan mutane za su gaishe ta daga Turai.

Ranar shari'ar, ni da Inna da Gwaggo muka sauka Yelwa, gidan wani abokina mai kyakkyawan sabis. Na ga Inna ta ci ado, ta sa tozali, ta ɗaura atamfar da ba ta fitowa sai sallah, na ji daɗi. Ban lura ta tura sandarta ƙarƙashin kujera ba.

Fuska uku suka bayyana a kwamfutar: alƙaliya, lauyata, da tafinta, wani Bakano mai furfura da aka rantsar kan ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Na gama nawa bayanin lafiya, har ina jin kaina. Aka zo kan Inna.

"Mama, an ce ki faɗi dangantakarki da mutumin da ke kusa da ke," in ji tafinta.

Inna ta kawar da kai. "Wanga? Ɗan Hassi na."

Tafinta ya juya maganar yadda take. Na ga lauyata ta cire tabarau.

"'Ya'yanki nawa?"

"Ba a ƙidaya ɗiya, malam. Akwai dai Lantana, akwai Sale."

Ni kuwa uku na rubuta a takarda, da sunana a sama. Zufa ta keto mini cikin kwat ɗin mutane.

"An ce kin yi doguwar jinya."

"Ni? Alhamdu lillahi, lahiyata lau. Ɗan zazzaɓi na, kuma ya wuce."

Don ta tabbatar wa baƙi ba ta zama abin tausayi ba, sai ta dafa tebur ta miƙe tsaye ƙyam. Rabon da in ga ta miƙe babu sanda tun kwanakin ta'aziyyar Baba. Ban san ko in yi hamdala ko in yi kuka ba.

Alƙaliya ta juyo kaina, a natse, ta ce in taimaka mata ta fahimta: wannan matar uwata ce ko ba uwata ba ce? Turancin shekara tara ya gudu ya bar ni. Na ce uwata ce, amma ba za ta faɗa ba. Ta ce wa ya hana ta? Na ce babu kowa. Ta ce to kun yi faɗa ne? Na ce a'a, ai saboda tana sona ne. Ta ce wace ce Hassi? Na ce ita ma uwata ce. Daga bayan ɗaki Gwaggo ta ji sunanta, ta leƙo da kai cikin kwamfuta tana ɗaga hannu: "Ga ni! Ɗana na, ni na yi goyonai!" Tafinta ya fassara wannan ma, hannunsa a kan baki. (Na tabbata ya gane komai. Rantsuwa ce ta ɗaure shi, Allah ya isa tsakanina da rantsuwar.)

Lauyata ta roƙi hutun minti goma sha biyar. Aka kashe sauti. Na zauna na haɗa kai da gwiwa, a raina na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa Ummi.

Gwaggo ce ta fara ganewa. Ta tsuguna gaban Inna ta ce, "Yaya, ashe ba gaisuwa ba ta, shari'a ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba ki faɗi ba, ba shi ƙara ganin ɗiyatai."

Inna ta daɗe tana kallon hannunta na hagu, wanda har yau ba ya damƙa. Can ta sunkuya ta jawo sandar, ta ɗora a kan tebur.

Da aka dawo, ba ta jira tambaya ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa kwamfutar baya, ta fuskanci bango.

"Malam, gaya mata ni na haihe shi. Shi na na farko. Shekara huɗu ban taka ƙasa zuwa bakin ruwa ba, shi ka ɗaukata. Ku bar shi ya tahi wurin ɗiyatai."

Sannan ta faɗi sunana. Cikakke, har da na Baba.

Ni kuwa sai na waiwaya wajen ƙofa, ina neman wanda ake kira. Wallahi ban gane ba. A wannan muryar sunan bai yi kama da nawa ba. Alƙaliya ta ce, "Sunanka ke nan?" Na ce, "A'a." Na ce, "Eh." Daga nan sai na fashe da kuka, ƙato da ni, ina share majina da hannun kwat ɗin abokina. Tafinta ya tambaya ko wannan ma a fassara.

Sai da lauyata ta haɗa takardun asibiti da dogon bayani kan kunyar ɗan fari, sannan bayan wata biyu aka maido mini da zamana. Abokina bai karɓi kwat ɗin ba, ya ce in riƙe.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kai uwarka shaida gaban Turawa, ka fara tabbatarwa ta yarda ta san ka. Da yammacin ranar shari'ar, a cikin kwalekwale, muna komawa gida, na matsa kusa da ita ina washe baki, ina jiran ko za a maimaita. Inna ta dubi ruwa ta ce, "Hassi, ki gaya ma wancan, kar ya saba."