Yadda Ake Burge Suruki da Ledar Sola

Kai uban da karatun 'yarsa ya fi ƙarfin kansa, matso kusa. Matakai biyar ne, in ka bi su, surukinka zai koma gida bakinsa a buɗe. Wani maƙwabcina, tsohon direban tirela, ya gwada su a kan uban mijin 'yarsa, malamin makarantar nan mai gyara wa mutane magana. Ni shaida ne kawai.

1. Haddace suna ɗaya

'Yar maƙwabcin sola take haɗawa a ɗakin bincike. Ba faifan kan rufi ba, wata 'yar baƙar leda da ake lanƙwasawa. Sunan sinadarin farofskayit. Faɗe shi da sauri, ka rufe da tari.

2. Riƙe zancen ramuka

Aikin 'yar maƙwabcin wata shimfiɗar roba ce a cikin ledar, ta fi ɓawon albasa siranta, wai ita ke jigilar ramukan da lantarki ke bari. Kada ka tambayi yadda ake ɗaukar rami. Ka ce, "Malam, harkar lodi ce, a gida ta gada."

3. Buɗe akwatin

'Yar ta zo gida da ledar a cikin akwati, ta ɗora shi a kan firij ta ce, "Baba, don Allah kar a taɓa. Wata huɗu na yi kafin guda ta yi kyau, gobe zan kai wa masu jarrabawa." Saurara da kyau: duk abin da aka hana taɓawa, shi ne abin nuna wa baƙo. Tana fita, sauko da shi.

4. Lanƙwasa, sannan ka goge

Maƙwabcin ya naɗe ledar a yatsa. Malam ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah!" Daɗi ya kwashe maƙwabcin. Da ya ga shatin yatsu, sai ya tsoma hankici a kofin ruwa ya goge ta kamar gilashin mota. Ashe abin ko numfashi ba ya so, balle ruwa. Baƙar leda ta koma rawaya a gabansu.

Kada ka yi salati. Ka ce, "Caji take ɗauka."

5. In mai kaya ta shigo

Ta dubi ledar, ta dubi uban, gumi har wuyan riga. Sai ta fashe da dariya.

"Baba, ta gasken tana kulle a wurin aiki. Wannan lalatacciya ce, don kai na ajiye ta. Je ka wanke hannu, akwai dalma a ciki."

Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kai dai ka gyara zama ka ce, "Ai na sani, gwada ki nake."

Gargaɗi: in 'yarka ba ta san halinka haka ba, ta bar ta gasken a akwatin, babu ruwana, ban taɓa ganinka ba. Kuma rawayar ba ta fita da sabulu, har yau tana jikin hankicina. Wato na maƙwabcin.