Tahidu Mai Amsa Gaisuwar Kowa

"Ni fa tun zamanin fakis nake sana'ar saƙo," in ji Tahidu, yana bugun ƙirji a gaban matan ƙungiyar man kaɗe ta unguwar Choggu a Tamale. "Lokacin da na'urar aika takarda ke kuka kamar akuya kafin ta haɗu da waje, ni nake lallashinta. Imel? Wasan yara!"

Mma Azeta, shugabar matan, ta ce, "To Injiniya, wata Madam Barbara daga Kumasi za ta aiko saƙo, tana son man kaɗenmu gaba ɗaya. Ka tsare mana akwatin imel ɗin nan, don Allah."

"An gama, Mma!"

Ka san mutumin Tamale da gaisuwa. Ko a kan babur ka gaishe shi, sai ya rage gudu ya ce "Naa." To saƙon farko da ya faɗo, wani ne wai ɗan sarki daga ƙetare, ya fara da "Masoyina, ina gaisuwa." Gogan naka ya gyara hula.

"Ɗan sarki guda ya gaishe ni in yi shiru? Ba haka aka rene ni ba."

Ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, har da jikin tsohuwa. Mai tallar maganin sanƙo ma ya samu tasa amsar. Kai, ashe masu saƙon shara jira suke su ji akwai mai rai a gidan! Washegari suka zubo kamar ƙudan mahauta: mai maganin ƙiba, mai maganin rama, wata baturiya da ta ce ta yi mafarkinsa.

Matarsa Sumaiya ta leƙo. "Maigida, goge su ake yi fa."

"Ke, me kika sani? A zamanin fakis takarda ba ta kwana ba amsa!"

Sarkin ladabi ya yi ta amsawa har yatsu suka ƙage, tuwo ya huce a kwano. Ranar da baturiyar ta nemi hoton ƙafarsa, haƙuri ya ƙare. Ya rantse duk wanda ya ƙara sallama zai ga tsiya.

Ƙit! Saƙo ya shigo: "Ina gaisuwa, ina son man kaɗe."

Ko sunan bai duba ba, ya ɗauka baturiyar ce. "Ɓarauniya! Ƴar damfara! Ki je ki shafa toka!" Ya aika, ya yi hamdala. Sai da ya kurɓi koko idonsa ya sauka a kan sunan: Barbara. Kokon ya bi ta hanci.

Nan fa ban haƙuri ya tashi. Ya aika da safe, ya aika da azahar, ya ce ɓarayi ne suka shigo ta waifai, ya ce aljanu ne, ya sake aikawa. Shiru.

Da abin ya ishi Mma Azeta, ta nemo lambar matar, ta kira a gaban kowa, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Ayya Mma," in ji Barbara, "da aka zage ni sai na sayi na matan unguwar Gurugu."

Matan suka juyo. Tahidu ya fizgi wayar, gumi na zuba. "Madam! Injiniya Tahidu ne! Ba ki ga saƙonnina ba?"

"Tahidu? Bari in duba." Ta buɗe kwamfutarta. "Oho, ga ka nan! Kwamfuta ce da kanta ta zuba ka a kwandon shara, tsakanin mai maganin sanƙo da mai maganin basir."