Ranar Da Mata Suka Zaune Kujerun Mai Girma

Ranar Alhamis da ta wuce na shigo gida da koren fenti layi biyu a bayan farar shaddata, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a wajen da ba a ambata a jarida. Ban san da shi ba. Tun daga bakin makaranta nake ganin 'yan acaba suna mini murmushi, ni kuwa ina ɗaga musu hannu, a zatona farin jini ne ya same ni da girma. Sai da na cire rigar na gani. Na tambayi Zuwairatu, uwar 'ya'yana, me ya hana ta gaya mini tun a hanya, alhali tana bayana.

Ta ce, "Bar shi, Malam. Ko ba komai mutane za su zaci da kai aka yi zaman."

Wane zama? Bari in ɗauko muku daga farko.

Ni Baballe, riɗi da agushi nake aunawa a kasuwar Lafiya, kuma 'yata Mutmainna tana aji uku a firamaren unguwarmu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ba na son a ce na fifita ta a kan 'yan'uwanta masu irin halinta. Tun da aka sa yarinyar nan a makaranta ba ta taɓa zama a kan kujera a aji ba. Kullum da safe sai ta ninke buhun riɗin da na zazzage ta sa a jaka tare da littattafanta. Shi ne kujerarta, gwiwarta kuma tebur. Shi ya sa rubutunta yake gangarowa ƙasa kamar mai neman hanyar rafi. Yanzu da ruwa ya ɗauke, sanyin Nuwamba ya fara shiga siminti, buhu biyu take ɗauka. Ga jarrabawar zangon farko ta ƙarato.

Ba wai manya sun manta da mu ba, kada in yi musu ƙage. Duk shekara suna tunawa da mu. An yi mana alkawarin kujeru sau da dama, kuma kowane alkawari ya fi na baya kyau. Na bara har da wurin ajiye jaka a ƙarƙashinsa.

To, kwanakin baya shugabar makarantar, Madam Erdoo, ta kira taron iyaye. Mace ce doguwa, 'yar Tibi, ba ta ɗaga murya amma har mu iyaye muna gyara hula in ta shigo. Ta shaida mana cewa bana ranar iyaye ba irin ta kullum ba ce, wani babba zai zo daga can sama, kuma da kujeru zai zo. Ni dai a nan zan kira shi Mai Girma Sarkin Almakashi, don duk inda aka ɗaura ƙyalle a ƙasar nan, shi ake jira. Aka raba mana aiki. Maza su sare ciyawar da damina ta bari, su shafa farar ƙasa a duwatsu da gindin mangwaro. Mata su kawo sabuwar doya a kirɓa wa baƙi sakwara. Yara kuma suka bar lissafi suka koma koyon waƙar maraba.

Ina shafa wa wani dutse farar ƙasa, maƙwabcina Baba Modu, wanda ya yi aikin ofis har ya aje, ya tsaya a kaina da sandarsa yana kallo. Na ce masa ai wannan karon da gaske ne, Madam ta ga motar kujerun da idonta a waya. Ya ce shi ma ya taɓa ganin Makka a waya. Daga nan ya nuna mini gefen dutsen da na tsallake, ya wuce.

Safiyar Alhamis kuwa sai ga gingimari shaƙe da bencuna masu haɗe da tebur, koraye shar, suna ƙyalli. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Aka jera su a azuzuwa, yara suka shiga suna zama a hankali kamar baƙi a gidan surukai. Na leƙa ta taga na ga Mutmainna ta ɗora littafinta a tebur, ta ɗauke, ta sake ɗorawa, tana shafa katakon da tafin hannu. Ni ma na sami ɗaya da aka bari a baranda na ɗana, na jingina sosai, don in ji abin da harajina ya sayo. Fentin ashe na daren jiya ne. A jikin yara bai nuna ba, don kayan makarantarsu koraye ne. A nan na yarda akwai masu dogon tunani a ofis.

Baba Modu ne ya ɓata mana murna. Ya sa farce ya kankare gefen wani benci, sai ga shuɗi a ƙarƙashin kore, a ƙarƙashin shuɗi kuma ga rawaya. Ya taka wajen direban motar, wani saurayi mai fara'a da ake kira Kelvin, ya tambaye shi. Kelvin bai ɓoye komai ba, don ba wanda ya gaya masa asiri ne. Ya ce kujerun nan sun fi shi sanin hanya. Daga damina zuwa yanzu sun je makarantu da yawa, kowace da launin kayan ɗalibanta, a zauna a yi hoto a kwashe. Gobe ma ana jiransu a wata makaranta wajen Adogi, can ja ake sawa, har an sayi fenti.

Maganar ta zaga cikin iyaye a hankali, kunne zuwa kunne. Madam Erdoo ta ji, na ga ta daɗe tana goge tabaranta.

An ce Mai Girma zai iso da hantsi. Ya iso bayan azahar, da jiniya da motocin da filin ƙwallonmu bai ɗauke su ba. Yaran da suka tsaya a rana tun safe suka rera maraba da ragowar muryarsu. Aka sauko masa da kujerarsa ta musamman da darduma daga gaban gingimarin, ya zauna, ya tashi, ya karɓi lasifika. Gaskiya Allah Ya ba shi baki. Ya ce ba ya iya barci in ya tuna ɗan talaka na zaune a ƙasa, duk da dai idonsa bai yi kama da na mai rashin barci ba. Ya kawo ƙarshe da ɗaga yatsa sama.

"Daga yau kujerun nan naku ne, iyaye. Amana na ba ku. Kada ku bari kowa, ko wane ne shi, ya taɓa su."

Muka tafa. Ya yanka ƙyalle a ƙofar aji uku, ya tsuguna kusa da wani yaro aka yi hoto, ya shiga mota. Sakwarar ma bai kalla ba.

Ƙarar jiniya ba ta gama ɓacewa ba, wani ɗan gayu da aka bari a baya, wanda shi ke riƙe wa Mai Girma jaka da waya, ya tafa hannu ya ce yara su fito su sha iska. 'Yan dako suka nufi azuzuwa. Yaran suka fito suka tsaya cirko-cirko. Mutmainna ce ta ƙarshe, ta fito tana waiwaye, ta buɗe jakarta ta duba ko buhunta na nan. Wannan dubawar ce har yau take tsaye mini a ƙirji.

Mu maza ba mu yi ƙasa a gwiwa ba. Nan take muka taru a gindin mangwaro muka kafa kwamiti. Aka naɗa Baba Modu shugaba, ni mataimaki, aka shiga muhawara kan ko wakilai za a tura ko kuwa a fara da nuna takaici. Muna cikin wannan muhimmin aiki, Iya Yagana, matar Baba Modu, wadda jikokinta ke makarantar, ta miƙe daga wajen tukwane. Ta gyara mayafi, ta taka a hankali saboda ciwon gwiwa, ta shiga aji uku, ta zauna a bencin da 'yan dako suka riga suka kama. Mace ce da Allah Ya yi wa jiki. Suka saki.

Zuwairatu ta bi ta. Sai matan ƙabilar Alago masu sayar da doya, sai na Eggon, sai masu goyo, sai wata tsohuwa Bafulatana da ƙwaryar nononta. Kafin mu gama zaɓen sakataren kwamiti, babu benci ɗaya a makarantar da ba mace a kai.

Mai riƙe jaka ya shigo yana murmushin ofis. Ya yi bayani cewa kujerun nan samfuri ne, na ainihin suna hanya. Iya Yagana ta ce to madalla, in na ainihin sun iso sai a yi musaya, su ba sa sauri. Ya ce Mama ba ki gane tsarin aiki ba. Ta ce ƙwarai ba ta gane ba, ita abin da kunnenta ya ji kawai ta sani. Wata yarinyar mace da ta naɗi jawabin ta ɗaga waya ta kunna, sai ga muryar Mai Girma ta cika aji: kada ku bari kowa, ko wane ne shi. Aka sake kunnawa. Iya Yagana ta dube shi da tausayi.

"Ɗana, kai ne kowa ɗin. Mu talakawa ne, ba ma saɓa wa manya."

Da ya ga ba ci, sai ya juya kan Madam Erdoo. Ya rage murya, amma ta taga muna ji. Ya tuna mata cewa akwai makarantu a bayan rafi inda ko acaba ba ya zuwa da damina, kuma sauyin wurin aiki ba ya da wuyar rubutawa. Nan dariya ta ɗauke. Kowa ya san matar nan ita ta riƙe makarantar, da allin da take saya da kanta ake rubutu. In aka ɗauke ta, kujeru ba za su koyar da kowa ba. Na ga wasu matan sun fara kallon juna. Madam ta maida tabaranta ta ce, cikin ladabi, ita ikonta a kan yara yake, ya ce su fita kuma ta fitar da su. Waɗannan kuwa ba ɗalibanta ba ne, wasunsu sun haife ta. In yana da bulalar da ke tashin kaka, ga su nan.

Kelvin ya gwada tasa. Ya tsuguna gaban Iya Yagana ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, abeg, ka tashi. Kujera zai tafi Adogi, Oga zai kashe ni." Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce tun asuba ruwa kawai ya sha. Ta aika aka ɗauko sakwarar baƙi da miyar agushi, agushin nan kuwa daga buhuna ya fito, ta matsa masa gefe a kan bencin. Ya zauna. 'Yan dako ma aka zuba musu, suka zauna. Lokacin ne kwamitinmu ya yanke shawarar goyon bayan matakin, muka shigo a jere muka tsaya a bayan matanmu, kamar yadda jarumai suke yi.

Mai riƙe jaka ya yi ta buga waya har la'asar sakaliya. Wayar da zai kira kuwa tana aljihunsa, shi ke riƙe da ita. Sauran manyan da ya samu kowa ya ce ba a teburinsa maganar take ba. Kafin magariba gingimarin ya juya ya tafi da darduma da kujerar Mai Girma kaɗai, tana rangaji a baya ita ɗaya.

Washegari maza muka nuna amfaninmu. Akwai kafinta a cikin iyaye, ya zo da ƙusoshi da katako muka haɗe bencunan uku-uku, yadda ba za su fita ta ƙofa ba sai an rushe bango. Duk da haka mun kwana biyu gabanmu na faɗuwa saboda Madam. Rediyo ce ta cece ta. An riga an aika da labarin tun kafin a yi taron, aka yi ta karanta cewa Mai Girma ya gwangwaje makarantarmu da kujeru, har aka yaba wa shugabarta da iya riƙon amana. Ba a korar wadda rediyo ta yaba wa a mako guda. Tana nan. Mutmainna kuwa ta rubuta gwajin lissafi a kan tebur, layinta ya miƙe, amsoshin ne dai har yanzu suke gangarawa.

Yaran wajen Adogi su ne ban ji daɗinsu ba. Mai Girma ya je kamar yadda aka tsara, ya tarar da su a ƙasa. Ba a yi asarar tafiyar ba, an ɗauke su hoto a haka, aka buga da cewa ga halin da ya tarar da ilimi kafin ya sa hannu. Na gaya wa Baba Modu raina ya sosu, mun hana su. Ya ce abin da muka hana su zaman rabin yini ne da wankin fenti, amma Yagana tana da ƙanwa a can, sun daɗe a waya jiya.

Yanzu ana raɗe-raɗin akwai wani tankin ruwa mai kyau, baƙi, da ke zagaya makarantu da famfonsa, wai bayan hutu zai biyo ta wajenmu. Ni ban san gaskiyar maganar ba. Na dai san ɗazu Iya Yagana ta aiko a tambaye ni ko ina da tsani.