Ranar da Na Zama Mujiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe filin wasannin nan na hanyar Mirriya, ko da mutanen Damagaram za su yi mini alheri su manta (ba su yi ba).

A lokacin ina koyar da Faransanci a wata lakwal, wato makarantar boko, mai zaman kanta, irin aikin da ba ya kashe mutum kuma ba ya raya shi. Sai aka ce wani kamfani daga ƙetare, mai filayen shaƙatawa a ƙasashe da dama, zai buɗe reshe a Zinder: lilo mai kai mutum sama ya juyo da shi, jirgin ƙasa na yara, ƙananan motoci masu karo da juna. Suna neman ɗan gari da zai yi musu tafinta, ya kuma riƙa faɗa musu abin da mutanenmu za su karɓa da wanda ba za su karɓa ba. Na je, aka ɗauke ni. Aka ba ni biro, wato ofis, mai sanyi da kati mai hotona na ratayawa a wuya. Har ta'aziyya nake zuwa da katin nan.

Direktan wani dattijon Bature ne mai haƙuri, ba ya yanke komai sai ya tambaye ni. Matsalar daga wajena take. Na ƙudura a raina ba zan bari ya ɗauke mu ƙauyawa ba, don haka duk abin da ya tambaya amsata ɗaya ce.

"Tikitin iyali namu na uba da uwa da yara biyu ne. Zai yi a nan?"

"Zai yi." (Ni mai faɗar haka 'ya'yana shida.)

Layi ɗaya ga maza da mata? Na ce ai an waye. A buɗe tun sha biyun rana? Na ce mu rana ba ta damunmu. Da ya tambayi ko a keɓe wurin salla, na ce kowa zai yi a gida kafin ya zo, na kuma faɗe shi da Faransanci mai kyau, ina jin daɗin muryata.

Wata safiya ya kira ni ya buɗe wani babban kwali. Ya ce ga alamar kamfaninsu, wadda ke tarbar yara a ƙofa a duk ƙasar da suke. Riga ce ta gashi da mutum ke shiga ciki, da ƙaton kai mai idanu kamar faifai. Mujiya.

Ya ce a wajensu tsuntsuwar hikima ce, yara na rububin rungumarta. Sannan ya dube ni. "A nan fa?"

Wallahi na sani. Ni da aka goya a tsohuwar unguwar Birni, na san in mujiya ta yi kuka bisa katanga yadda mata ke janye jarirai su shige ɗaki suna neman tsari. Bakina ya buɗe zai faɗi gaskiya, sai na ji ya ce, "Wannan camfin mutanen da ne. Yanzu ba mai kulawa."

Na samar wa mutanen unguwarmu aiki a wurin, masu gadi, masu shara, mata masu tuya. Cikinsu akwai Sani, wani dogo da ya bar kabu-kabu saboda ni, shi aka zaɓa ya shiga rigar. Ana saura kwana ɗaya a buɗe ya leƙa kwalin, ya ja da baya, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal a nan.

"Mushe, ka yi mini rai. Matata na da tsohon ciki."

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙi. Direkta bai yi fushi ba. Ya ce, "Tunda kai ba ka da camfi, ka taimake mu na gobe kawai. Ba wanda zai gane ka."

Ranar buɗewar washegarin salla ce, tsakiyar bazara. Gari ya fito, an kafa rumfa, manyan baƙi sun zauna. Ni kuwa na riga na gayyaci Iya Falmata, yayar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Na ce mata ta duba layin gaba na rumfa, nan za ta gan ni. Ta sa lafayarta ta zuwa biki, ta kwaso jikoki.

Cikin rigar nan kamar tanderun gurasa. Ba na ganin komai sai ta wata 'yar raga da ke cikin bakin tsuntsuwar. Aka saki kiɗa, Direkta ya dafa ni ya ce in buɗe fukafukai in ruga wajen yara.

Na ruga.

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Yara suka watse, wasu suka shige ƙarƙashin kujerun baƙi. Wata mata ta fizgi goyonta ta bar takalmi. Masu tuyar nan da na samar wa aiki, suna cikin na gaba wajen gudu. Ta ragar nan na hango mutum ɗaya da ba ta gusa ba: Iya Falmata, ta tura jikoki bayanta, ta riƙe lemarta a naɗe, bakinta na motsi.

Mai hankali da sai ya juya. Ni sai na nufe ta don in kwantar mata da hankali, fukafukai a buɗe, ina kira daga cikin ƙaton kan nan da wata murya kamar daga rijiya: "Iya! Iya Falmata!"

"La'ilaha illallahu, ta san sunana!"

Duka ɗaya ta yi. Kan ya tashi, ya gangara har gaban rumfa ya tsaya yana kallon manyan baƙi. Ga ni tsaye, daga wuya zuwa ƙasa tsuntsu, daga wuya zuwa sama malamin Faransanci, gumi na zuba, da hulata a kai (har yau ban san abin da ya hana ni cire hular ba). Mai kiɗa ya kashe kiɗa. Daga can baya wata tsohuwar ɗalibata ta ce, "Kai, Mushe ne!"

Da Iya ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dube ni tun daga ƙafafun nan masu farata har zuwa hula, ta ce a hankali, "Ashe wannan ne aikin biron." Ta kama hannun jikokinta suka tafi. Ba su hau komai ba.

Da yamma Direkta ya same ni zaune bayan injin wuta, na cire rabin rigar.

"Ka san haka za ta faru?"

"Na sani."

"Sauran abubuwan da na tambaye ka fa?"

Na ce su ma na sani. Ya dubi ƙasa ya ce, "Masu ce mini to, da su na zo. Mai ce mini a'a nake nema, shi ya sa na ɗauke ka."

Sun ƙona rigar, sun gyara tikiti, sun shimfiɗa tabarmin salla, sun koma buɗewa bayan la'asar. Amma suna ya riga ya kama: Gidan Mujiya. Duk yaron da ya je ya dawo da zazzaɓi, an san abin da za a ce. Ba ni kaɗai na kashe wurin ba, tsada da ɗaukewar wuta sun yi nasu, amma ni na fara haƙa kabarin. Shekara ba ta zagayo ba aka kwance lilon aka loda a manyan motoci. Mutanen unguwa da na kai duk suka dawo gida. Sani ya koma kabu-kabu da babur ɗin haya, don ya saida nasa. In mun haɗu yakan tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, bai taɓa ce mini komai ba. Na fi son ya zage ni.

Na koma aji. Yara ba sa faɗar sunan a gabana, sai dai in na juya ina rubutu a allo, wani ya yi kukan mujiya a hankali daga layin baya.

An ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne, in kana yi masa jagora ka ji kunyar cewa ga rami, tare za ku faɗa. Sai dai shi yana da tikitin jirgi a aljihu, kai kuwa gobe da safe sai ka fito sayen koko a unguwa.