Boris Ɗinku Ya Kashe wa Tirela Murya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Boris Mai Tambarin Kunkuru,
Duk inda Allah ya ajiye ofishinku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da injinanka. Ni ne Sharhabilu, mai amalanken shanu a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Amalanken dogo ne, shi ya sa mutanen garinmu suke ce masa Tirela. Shekara goma sha bakwai Tirela ke kai kayan ɗakin amare gidan miji, kuma ranar Juma'ar nan ya kamata ta ɗauki na 'yata Zakiyya. Sai boris ɗinku, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, ya shiga tsakani.

Ga yadda aka yi. Tirela tana da kuka. Ƙafar hagu ta ce ƙiii, ta dama ta amsa ƙuuu, ana jin ta tun daga tsamiyar bakin gari. Watan jiya Nasrullahi makanike ya girgiza tayar hagu, ya rantse wata rana za ta fice ta riga ni isa Dutse. Na tsorata. Muka ɗora Tirela kan turmi, ya kwance noti, ya fitar da tsofaffin boris da guduma, ya wanke gurbin da kananzir, ya cusa naku cike da giris. Tun ranar ban ƙara jin muryarta ba. Ga ƙorafina cikin ladabi.

1. A garinmu, ranka ya daɗe, ba a aika wa gidan ango cewa kaya sun taso. Kukan Tirela ne aike. Da an ji shi mata su ɗaura zannuwan biki, a dama fura, a fito ƙofar gida da guɗa. Ranar jeren Na'ima, 'yar maƙwabcina, na isa da gado da katifa da kwanuka shiru kamar mai kawo itace. Na tarar da uwar ango tana tsefe kai, babu ko ɗankwali. Sau uku na yi sallama. Dangin amarya suka fashe da kuka wai an wulaƙanta 'yarsu, dangin ango suka ce an yi musu shigar sauri don a ga tsiraicin gidansu. Har yau ba su shirya ba. Shin kun taɓa gwada boris ɗin nan a gidan biki kafin ku sake shi kasuwa?

2. Shanuna da kukan suke taka ƙafa. Yanzu taku goma sai su tsaya su waiwayo, suna zaton Tirela ta ɓalle. Wa zai yi musu bayani, ni ko ku?

3. Wannan ya fi yi mini ciwo, ko da yake ina rubutawa ina dariya. Na shiga gida babu sanarwa, na ji maiɗakina Hauwa'u tana kwaikwayon tarina da tafiyata, matan unguwa suna ta faɗuwa don dariya. Ashe sunana a gidan nan Sarkin Mita. Ashe shekara goma sha bakwai tsohon boris ne yake rufa mana asiri, ni da ita. Kuma wallahi ta iya tarin.

4. Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na watsa wa sabon boris ɗin yashi. Na ratsa kududdufi da shi sau huɗu. Na loda duwatsu har shanu suka yi mini kallon banza. Ko ƙis bai ce ba! Wane irin taurin kai kuke zubawa a cikin ƙarfen nan? Na koma wurin Nasrullahi neman tsofaffin, ya ce 'yan gwangwan sun wuce da su tun a ranar.

5. Jiya Gwaggo Lauratu, wadda babu guɗar da ake fara yi a garin nan sai ta buɗe baki, ta yanke hukunci: kayan Zakiyya amalanken Gwadabe zai ɗauka. Gwadabe fa! Mutumin da bai taɓa sayen giris ba tun da aka haife shi, yanzu shi ne gwani, yana yawo yana cewa ƙarar amalankensa ta gado ce. Ni da na yi gyara ni ne abin tausayi. Haka ake yi?

Saboda haka ina roƙon alfarma. Ku duba cikin shararku, ko akwai boris biyu da suka faɗi jarrabawa, ɗaya mai ƙiii, ɗaya mai ƙuuu, ku aiko mini kafin Alhamis. Na kai kayan 'ya'yan mutane fiye da yadda zan iya tunawa, ba zan tsaya a gefen hanya ina kallon gadon 'yata a bayan shanun wani ba. Kuma ba zan shigar da ita gidan miji shiru kamar kayan sata ba.

In kuwa ba ku aiko ba, babu komai. Kwana uku ke nan ina zagayawa bayan rumbu ina koyon kukan da bakina. Ƙafar hagu ta zauna sosai, har shanu sun fara tafiya. Ta dama ce take shaƙe ni. Da asubar yau Zakiyya ta kama ni a kai, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in riƙe hagu, ita za ta koya wa uwarta dama.

Naka mai biyayya har muryarsa ta dushe,

Malam Sharhabilu Mai Tirela,
Ƙaramar Hukumar Kiyawa, Jihar Jigawa.