Ramin Tabawa a Tsohuwar Kuka

A wani daji da ya bunƙasa har ya zama birni, akwai wata tsohuwar kuka a tsakiyarsa. Da ita ake kwatance. Unguwannin ma sunanta suka ci: Gaban Kuka, Bayan Kuka, da Inuwar Kuka inda kasuwa ke ci. Baƙo in ya ɓata, kai kawai zai ɗaga.

A jikin kukar wani cilakowa yake zaune, sunansa Jatau, da matarsa Tabawa. Al'adar cilakowa sananniya ce. In mace za ta yi ƙwai sai ta shiga rami, a toshe bakin da laka, a bar 'yar kafa. A ciki gashinta duk zai zube, ba ta iya tashi sai sabo ya fito. Miji ne ke miƙa mata abinci ta kafar. Damina tara Jatau na wannan aiki, Tabawa ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Ana nan sai Raƙumin Dawa, Magajin Gari, ya je ziyara wani daji ya ga dandali mai faɗi da tituna miƙaƙƙu. Ya dawo ya tara majalisa, aka yanke a kawar da kukar. Aka aiki Hawainiya ta ƙirga mazauna. Ƙa'idarta ɗaya ce: ramin da ke buɗe yana da mai shi, wanda ke toshe kango ne. Ta zo lokacin da Jatau ya fita neman fara. Tabawa ta ji motsi ta yi shiru, don mai kwanci ba ta amsa wa kowa sai mijinta. Hawainiya ta dubi lakar, ta rubuta kango.

Aka yi shela cewa saura kwana bakwai. Jatau ya tafi majalisa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ban zo hana gyara ba. Iyalina na cikin kukar nan a kan ƙwai huɗu, ba gashi a jikinta. Kwana ashirin nake roƙo. In ta iya tashi, ni da bakina zan taya ku sara."

Magaji ya dubi Hawainiya. Ta juya ido ɗaya ga takarda, ɗaya ga Magaji.

"Ba kowa a ramin nan, ranka ya daɗe. A toshe yake."

"Ni na toshe shi, Malama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"To ta zo gaban majalisa ta shaida tana ciki," in ji Hawainiya.

"In ta fito ƙwan za su mutu. Kuma da wane fiffike za ta zo?"

"Ka ga ke nan babu shaida."

Jatau ya ɗaga kai ya dubi dogon wuyan Magaji. "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Duk dajin nan kai kaɗai ne kanka ya kai ramin daga tsaye. Taku ɗari ne daga nan. Ka leƙa kawai."

Magaji ya yi gyaran murya. "Malam Jatau, ni mai mutunta al'ada ne. Ba zan leƙa ɗakin matar aure ba. Kuma ka sani baƙi za su zo buɗe dandali, an riga an sa rana. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma majalisa ba ta da mugunta. An ba ka itace guda a Sabuwar Unguwa, hayin rafi."

Jatau ya je ya ga itacen. Bara aka dasa shi. Tsawonsa bai kai gwiwar barewa ba.

A rana ta bakwai da hantsi, maƙwabta duk sun kwashe. Giwa ta iso da ma'aikatanta. Jatau ya hau saran lakar da bakinsa. Shi ya yi ginin, kuma ya yi shi da kyau, don haka ya daɗe kafin ya fasa. Da haske ya shiga sai ya ga Tabawa, fata zalla, ta lulluɓe ƙwan da abin da ya rage na fikafikanta.

"Fito, Tabawa. Ki kama ƙafata, mu gangara a hankali."

"Malam, sun fara motsi. Tun jiya nake jin ɗaya yana ƙwanƙwasawa."

"Za mu yi wasu."

"Ka taɓa ganin na tashi na bar su?" Ta gyara zama. "Mayar min da ƙofata. Jama'a na kallo, ga ni haka."

 Jatau ya sauka bakin rafi ya ɗebo laka, ya mayar da ƙofar yadda take, ya bar kafa. Ya kamo fara guda ya miƙa mata. Ta karɓa.

Giwa ta ce, "Malam, ni aiko ni aka yi." Ta sa goshi a jikin kukar, ta ture ta da Tabawa a ciki.

Dandalin ya yi kyau, ba mai musu. Amma da kukar ta tafi sai baƙi suka riƙa ɓata, 'yan gari ma suka rasa abin kwatance. Majalisa ta sa Gara ta gina kuka ta yumɓu a daidai gurbin, da rassanta da ramukanta, sai dai ba ganye. Aka kira wurin Dandalin Kuka.

Kullum da hantsi Jatau kan zo da fara a baki, ya sauka a reshen yumɓu, ya leƙa rami ɗaya, ya jima, ya tafi. Masu yawon buɗe ido na son ganinsa ƙwarai.

A ƙidayar bana Hawainiya ta tarar da ramukan sabuwar kukar duk a buɗe, ta rubuta cewa tsakiyar birni ba ta taɓa cika da mazauna kamar yanzu ba.