Rasuwar Minista Mai Baki Hamsin da Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi kama da gajiya, Zahari Donchev, tsohon mai gyaran kurakuran littattafai a maɗaba'a, mazaunin hawa na shida a unguwar tashar jirgin ruwa ta birnin Burgas, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar murjanin gidansa mai rai, halittar nan ta teku mai kama da dutse, wanda aka fi sani da Minista. Ya rasu ranar Talata a cikin akwatin gilashinsa na ruwan gishiri, bayan jinyar kwana uku.

Marigayiya Radka, matar mai sanarwa, ita ta kawo shi gida shekara tara da suka wuce, ita kuma ta raɗa masa suna, domin a cewarta duk jikinsa baki ne kuma ba a taɓa ganin ya yi aiki ba. Sauran murjanai haske ya ishe su abinci. Minista bai yarda da wannan ƙasƙanci ba. Ya zauna a inuwa ƙarƙashin dutse, launinsa kamar ɓawon lemo, yana jira a kawo masa. Bakinsa hamsin da uku ne, kuma ƙoshin wani ba ya hana wani buɗewa. Kullum ƙarfe biyar na yamma sai a narkar da ƙananan jatan lande, a kashe famfo, a tsoma hannu har gwiwa, a bi su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, a tsaya gadi kada kifi ya fizge. Minti arba'in in yana cikin raha.

Da Radka ta zo tafiya ba ta yi wasiyya kan gida ko zobe ba. Ta kama hannun rigar mijinta ta ce, "Zahari, ƙarfe biyar. Kada ka tsaya karatu." Shekara shida ke nan. A cikinsu mai sanarwa bai kwana a wani gari ba sai makon jiya. 'Yarsa Bilyana ta haihu sau biyu can a birnin Plovdiv, ya san jikokin ta waya. Ya karanta tafiye-tafiyen mutane da yawa zuwa ƙarshen duniya yana zaune taku huɗu daga gilashi.

Za a tuna marigayin da kamun kai. Bai taɓa gulma ba, bai taɓa godiya ba. Ba a san shi da wata murya ba sai gurnanin famfonsa, zzzz, da ɗan ɗis-ɗis na ruwa, waɗanda suka fi yawancin hirar da ake yi a matakalar gidan ma'ana.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Bilyana ta kira ta ce ta share ɗaki, ta sa gado, ƙaramar jikar ta fara tambaya ko kakanta hoto ne. "Baba, dutse kake reno," in ji ta, "mu kuwa muna da ƙafa, muna girma." Sai ya yarda da ziyarar kwana uku. Ya rubuta wa maƙwabciyarsa Ginka ta hawa na biyar umarni shafi biyu, babu kuskure ko ɗaya, ya gwada mata riƙon hantsaki. Abin da bai duba ba shi ne kalanda. Asabar ɗin da ba ya nan ta faɗo kan ranar tunawa da matattu, ranar da ake dafa alkama da sukari da kirfa a raba don ran waɗanda suka riga mu. Ginka ta raba wa kowa a benen. Da ta shigo ƙarfe biyar da ragowa a kwano, ta ga bakuna hamsin da uku a buɗe, na Radka kuma, sai zuciyarta ta karye. Cokali uku ta zuba.

Mai sanarwa ya dawo ya tarar da ruwa fari kamar kunu. Ya sauya ruwa sau biyar, amma naman Minista ya riƙa zamewa har ya bar farin ƙashi. Ginka ta tsaya a ƙofa tana murza gefen riga, ta ce, "Maƙwabci, don ran Radka na yi. Da na hana shi, me zan ce mata?" Ba a riƙe ta da komai ba. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, tunda takardar mutuwa ce: a ranar mai sanarwa ya sauko da jakar tafiya daga kan kabad, har ya kama kansa yana fito da baki don jin daɗi.

Marigayin ya bar kifaye biyu, da hantsaki, da firji rabinsa jatan lande. Ya kuma bar abin da ba a zata ba. Littattafai sun ce murjani irinsa in ya ji mutuwa yakan saki 'ya'ya, kuma wannan karon littattafai ba su yi ƙarya ba. Ranar da za a kwashe ruwan, aka ga ɗigo goma sha ɗaya a bayan dutse, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, launin ɓawon lemo. Ba wanda ya sani sai mai sanarwa. Da ya zare wayar famfo, da an wuce wurin. Ya tsaya yana kallonsu jaka a hannu, har agogo ya buga biyar, ɗaya ya buɗe baki.

An sanar da Bilyana. Ta ce za ta mayar da keken ɗinkinta ɗakin da ta share masa.

Za a binne ƙasusuwan Minista ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, a gefen kabarin Radka wajen ƙafafu, don ta karɓi kayanta. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo alkama. Ana kuma roƙon a taƙaita jawabi, domin mai makoki zai kama motar ƙarfe huɗu da kwata zuwa gida. Marayu na jira.